Yadda 'yan Kasuwar Litinin za su kafa asusun mudu don ciyar da mabuƙata

Sau biyu cikin shekara biyu Kasuwar Litinin ta Maiduguri ta durƙusa. Ranar Lahadi 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye mafi yawan rumfunanta. Ana cikin farfaɗowa, ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da kewayen fadar Shehu da ita kanta kasuwar, har sai da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe tun 2021. A Yulin 2025 kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai sa ta dakatar da tallafi ga mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas. Tallafin waje yana zuwa, yana yankewa. Hatsi kuwa kullum yana shiga kasuwar nan, kuma masu sayar da shi za su iya ware wa maƙwabtansu wani abu a kai a kai. Ga yadda za a tsara abin.

Mataki na 1: Ku tsaya a layinku

Kada ku ce za ku haɗa kasuwa duka. 'Yan hatsi su yi nasu, 'yan atamfa su yi nasu. Mutum biyar sun isa kwamiti: dattijon layi, malami ɗaya, mata biyu, da saurayi mai iya rubutu da lissafi. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe makulli daban, mai littafi daban. Ku sanar da shugabannin kasuwa tun farko don kada a ji labari a bakin wasu.

Mataki na 2: Ku rubuta sunayen gidaje kafin ku karɓi mudu ko ɗaya

Nan ne yawancin masu niyyar alheri suke tuntuɓe. Sai a tara buhuna tukuna, sannan a fara tambayar wa za a ba, kafin a ankara kowane ɗan kwamiti ya tuno da 'yar gwaggonsa. Idan sunaye suka riga abinci zuwa, rabin rigimar ta mutu.

Ku zaɓi unguwa ɗaya ko biyu da ke kusa, kamar Bulabulin ko Hausari ko Gwange. Ku gai da Bulama da Lawan, ku nemi izini da shawararsu, amma kada takardarsu ta zama ita kaɗai ce madogara. Limamin unguwa ya san wanda ya daina fitowa masallaci saboda ciwo. Ungozoma da mai ƙosai sun san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, abin da namiji ba zai taɓa ji ba. Shi ya sa matan kwamiti ne za su shiga gidajen su gani da idonsu.

A sa gaba matan da mazansu suka rasu ko suka ɓace a rikicin Boko Haram, tsofaffin da ba su da mai nema musu, masu jinya, da gidajen da suka sauke 'yan'uwa daga Bama ko Gwoza ko Dikwa suka ci gaba da riƙe su bayan rufe sansanoni. Kada ku manta da na ƙofar rumfarku: ɗan dakon da ƙarfinsa ya ƙare, da mai tura baro da ya karye. Ba a tambayar mutum ko shi Babarbare ne ko Shuwa ko Margi ko Babur ko Bahaushe, ba a kuma tambayar inda yake ibada. Kuma ku lura, masu tsananin buƙata sau da yawa su ne masu kunyar roƙo. Wanda ya fi kowa ɗaga murya ba lallai ne ya fi kowa yunwa ba.

Mataki na 3: Mudu ɗaya a mako

Ku tsayar da rana guda, misali Alhamis da hantsi, saurayin kwamiti ya zaga da buhu da littafi. Rumfa 40 da ke ba da mudu ɗaya a mako sun tara mudu 160 a wata, wato mudu 10 ga gida 16. Ba zai ciyar da gida wata guda ba, amma zai toshe kwanakin da ake kwana da ruwan zafi. Gida 16 da kuke iya riƙewa shekara guda sun fi gida 100 da za ku ba sau ɗaya ku ɓace. Wanda ba ya sayar da abinci ya ba da kuɗin mudu a farashin ranar. Ma'auni ya zama ɗaya wajen karɓa da wajen bayarwa.

Zakka kuma a ware mata shafinta da buhunta, domin shari'a ta ƙayyade waɗanda ake ba ta. Malamin kwamiti ne zai kula da wannan, har da zakkar kono a ƙarshen azumi.

Mataki na 4: Saye da kaka, ajiya nesa da kasuwa

Ku kun fi kowa sanin cewa gero da wake suna araha da kaka, su yi tsada daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da yunwa ta fi cizo. To kuɗin da aka tara a sayi hatsi da shi bayan girbi, a adana. Kada a ajiye a cikin kasuwa, kada kuma a tara wuri ɗaya. Wuta da ruwa sun riga sun koya mana. A nemi ɗaki biyu a unguwanni masu tudu, a ɗora buhuna kan katako, nesa da bango. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam. Kada wanda ya barbaɗa masa maganin ƙwari na gona.

Mataki na 5: Abin da ke cikin ƙunshi

Gero ko masara, wake, man gyaɗa, gishiri, kuka, daddawa, da ɗan banda daga Tashar Baga idan hali ya yi. A haɗa da kuɗin niƙa da na gawayi, don tsabar masara ba ta ciyuwa haka nan. Yaron da aka tarar ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce ake zato, kuma hatsi ba zai warkar da ita ba. A kai shi asibiti ranar. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da cibiyar kula da irin waɗannan yara a Maiduguri.

Mataki na 6: Ku kai, kada ku kira

A Disamba 2024 turmutsutsun rabon kayan abinci ya kashe mutane da dama a Ibadan da Okija da Abuja, yawancin na Ibadan yara ne. Watanni kafin nan an yi irinsa a Bauchi wajen rabon zakka. Mu a nan muna da ƙarin dalili: wanda ya tuna bama-baman da suka tashi a kasuwar nan a Nuwamba 2014 ba zai tara jama'a a ƙofar rumfa ba. Ba shela, ba layi. A ɗauki Keke Napep, mutum biyu su bi gida-gida, mai karɓa ya dangwala yatsa a littafi. Inda akwai mace mai girki, a damƙa a hannunta.

Waya ta zauna a aljihu. Ɗaukar hoton tsohuwa tana rungume da ledar gero a watsa a Facebook cin mutunci ne, ko da an kira shi shaida. Haka ɗan siyasar da ya kawo buhu goma, a karɓa a gode, amma hotonsa ba zai hau ƙunshi ba.

Mataki na 7: Lissafi a bainar jama'a

Ƙarshen kowane wata a karanta wa 'yan layi abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage a ɗaki. Adadin gidaje za a faɗa, ban da sunaye. Duk wata uku a sake duba takarda: wanda Allah ya buɗa masa a cire shi cikin mutunci, a sa wani.

Alhaji shugaban layi, littafi ɗaya da buhu ɗaya da mudu ɗaya ake buƙata a fara. Ka kira mutanenka bayan la'asar a makon nan, ku fitar da mutum biyar ɗin.