Motar Mai Ƙaura: Hukuncin Sayenta, Da Fitonta, Da Sayar Da Ita

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinSa ababan hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Darasin wannan mako a kan mutumin da ya tashi daga wata ƙasa ya koma wata da zama, ya kuma so ya tafi da motarsa, ko kuwa ya sayo wata daga waje kafin ya isa. Yau likitoci da malamai da ma'aikata masu yawa suna cikin irin wannan ƙaura, wannan ya bar Saudiyya ya nufi Ingila, wancan ya bar Ingila ya komo gida. Galibinsu sukan ɗauka maganar mota maganar kuɗi ce da takardu kawai, alhali kuwa tun daga ranar da aka yi cinikinta har ranar da aka rabu da ita, al'amarin duka a kan gaskiyar maganar mutum yake tafiya. Za a ɗauki ƙa'idojin Ingila su zama misali, domin a rubuce suke filla-filla, kuma ƙasashen Tarayyar Turai suna da irinsu. Mas'alolin huɗu ne.

Mas'ala Ta Farko: Sayen Abin Da Ido Bai Gani Ba

Sau da yawa mai ƙaura yakan sayi mota tana wata ƙasa, bai ga kome ba sai hoto da bayanin dillali. Malamai sun saɓa a kan irin wannan ciniki. Imamu Shafi'i, a maganarsa ta ƙarshe, ya hana shi. Imamu Abu Hanifa ya halatta shi, ya kuma ba mai saye zaɓi ranar da ya ga kayan. Mazhabar Imamu Malik ta halatta shi bisa ga siffa, kamar yadda Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a babin ciniki na Risala. Watau idan aka siffanta kayan da siffa mai kawar da jahilci, ciniki ya ƙullu. In sun iso yadda aka faɗa, ba dama mai saye ya janye. In sun saɓa, yana da ikon mayarwa.

Siffar mota ba launinta da sunan kamfaninta kaɗai ba ne. Dole a ambaci shekarar ƙirarta, da nisan tafiyar da ta yi, da gefen da sitiyarinta yake, da ko ta taɓa yin haɗari ko nutsewa a ruwa. Tun daga 1981 masu ƙera motoci suka soma bin tsarin lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a jikin kowace mota, wadda da ita ake bin tarihinta. Wanda ya saya bai nemi wannan lamba ba, ya yi sakaci da dukiyarsa. Bayan guguwar Katrina da ta afka wa Amurka a 2005, da ta Sandy a 2012, an wanke motoci masu yawa da ruwa ya ci, aka sake kai su kasuwa. Irin wannan mota a waje sumul, amma tsatsa tana cin wayoyinta a hankali.

Malikawa sun ƙara da sharuɗɗa biyu masu amfani ƙwarai. Na ɗaya, ba ya halatta mai sayarwa ya shar'anta a ba shi kuɗi tun da wuri idan kayan suna nesa kuma irin waɗanda ke iya canjawa ne. Dalili kuwa shi ne kuɗin sai su zama suna lilo tsakanin abu biyu: in kayan sun iso lafiya sun zama farashi, in ba su iso ba sun zama rance. Mafita ita ce a ajiye kuɗin a hannun amintacce na uku har motar ta iso. Na biyu, lamunin kayan yana wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in an yi wani sharaɗi dabam. Saboda haka wajibi ne a rubuta tun farko wanda zai ɗauki hasara idan jirgin ruwa ya yi haɗari. Amma idan dillalin wakili ne kurum, wanda aka ba kuɗi ya je ya sayo, to hannunsa hannun amana ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umurnin da aka ba shi.

Mas'ala Ta Biyu: Kuɗin Fito Da Rangwamen Mai Ƙaura

Motar da aka shigo da ita Ingila daga ƙasar da ba ta da yarjejeniyar rangwame da ita, ana biyan kashi 10 cikin 100 na darajarta kuɗin fito, sa'an nan a ɗora kashi 20 cikin 100 na harajin da ake kira VAT a kan jimlar. Misali, motar fam 10,000 za a biya mata fam 1,000 na fito, da fam 2,200 na haraji, jimla fam 3,200 ke nan, tun ba a sa kuɗin jirgi cikin lissafi ba. Wajibi ne kuma a sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowar motar, in ba haka ba, ba za a yi mata rajista ba.

Amma wanda ya zo da nufin zama, hukuma takan yafe masa wannan kuɗi duka idan ya nema da takardar da suke kira ToR1, ya kuma cika sharuɗɗa huɗu. Ya zamana ya zauna a wajen ƙasar wata 12 a jere. Ya zamana motar tana hannunsa yana amfani da ita aƙalla wata 6 kafin ya taso. Ya shigo da ita cikin wata 12 da zuwansa. Sa'an nan kada ya sayar da ita, ko ya ba da aronta, ko hayarta, sai bayan wata 12 da shigowarta. Manufar dokar a fili take: tana so ta rarrabe tsakanin kayan amfanin mutum da kayan ciniki.

A nan ne Shaiɗan yake samun ƙofa. Wani yakan sayi mota saura wata ɗaya ya tashi, sai ya nemi a rubuta masa rasit da kwanan wata na baya. Wani kuma abokinsa ne zai zo ya ce, tun da kana da rangwame, sa tawa da sunanka, in ta iso mu raba ribar. In an yi musu magana sai su ce ai kuɗin kwastan ba zakka ba ne, kuma ƙasar ba ta Musulmi ba ce.

Amsar wannan ta fuska biyu ce. Ta farko, karɓar wani abu a kan kayan da ke ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya sa an riƙa karɓar ushiri daga fataken da ke shigowa daga waje. Imamu Malik ya ruwaito cewa ya rage wa fataken Nabaɗawa zuwa rabin ushiri a kan alkama da mai, domin abinci ya yawaita a Madina. Gaskiya ne malamai sun yi magana mai tsanani a kan harajin zalunci, sun kuma saɓa a kan iyakar abin da hukuma za ta ɗora wa jama'a. Amma wannan saɓani bai taɓa halatta ƙarya da shaidar zur ba. Wanda ya sa hannu a kan takarda yana cewa abin da ke ciki gaskiya ne, alhali ya san ba haka ba ne, ya yi ƙarya, ko wane ne ya yi wa ita.

Ta biyu, wanda ya shiga ƙasar wasu da izninsu, ya shiga ne da amana, kuma malaman fiƙihu sun haɗu a kan haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun tare su a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka isa suka ba da labari, ana shirin yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi kuwa ɗari uku da 'yan kai ne, suna bukatar kowane mutum guda. Duk da haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su su koma su cika alkawarinsu. In an cika wa abokan gaba alkawari a irin wannan rana, yaya za a saɓa wa mutanen da suka ba mutum masauki da aiki saboda fam dubu uku?

Saboda haka wanda bukata ta kama shi ya sayar da motarsa kafin wata 12 su cika, hanya a buɗe take: ya sanar da hukuma, ya biya abin da aka yafe masa. Wanda kuwa ya ɓoye aka gano shi, ga biyan kuɗin, ga tara, wataƙila ma a ƙwace motar. Abin da ya fi wannan muni shi ne zubar da mutuncinsa da na 'yan'uwansa, domin baƙo ɗaya in ya yi ha'inci, waɗanda za su zo bayansa su ne za su sha tuhuma.

Mas'ala Ta Uku: Zakka

Wannan rarrabewa tsakanin kayan amfani da kayan ciniki, Shari'a ta riga kowace hukumar kwastan yin ta. Motar hawa babu zakka a kanta kome tsadarta, kamar yadda babu zakka a kan dokin hawa. Wadda aka saya da niyyar ciniki kuwa haja ce, hukuncin zakkar kasuwanci yana hawa kanta. A wurin Malikawa, abin da aka saya don amfani ba ya komawa haja da niyya kawai. In an sayar da shi, sai kuɗin su fara sabon ƙirge, a fitar musu da zakka bayan shekara in sun kai nisabi. Ashe ke nan wanda ya sayo mota don riba, ya gaya wa kwastan ta hawa ce, ya kuma ƙi fitar mata da zakka, ya ci haƙƙi biyu da ƙarya ɗaya. Ma'aikacin fito takarda yake dubawa, amma niyya tana wurin Wanda ba a ɓoye maSa kome.

Mas'ala Ta Huɗu: Lafiyar Hanya Da Bayyana Aibi

Kowace ƙasa tana da dokar irin motar da za ta hau titinta, kuma wajibi ne mai ƙaura ya bincika tun kafin ya biya kuɗin jirgi. A Ingila hannun hagu ake bi. Suna karɓar mota mai sitiyari a hagu, amma sai an gyara fitilunta don kada su kashe wa masu tahowa ido, an kuma tabbatar agogonta yana nuna gudu da mil. Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Gana ta bi sawu a 1974, kuma dokokin hanya na Nijeriya ba su yarda a yi rajistar mota mai sitiyari a dama ba. Saudiyya ba ta karɓar ƙaramar motar da ta wuce shekara 5 da ƙira. Waɗannan dokoki na kiyaye rayuka ne, kiyaye rai kuwa yana cikin manyan manufofin Shari'a. Wanda ya ba da cin hanci aka wuce da motar da ba ta cancanta ba, in ta hallaka wani, yana da kaso a cikin alhakin.

Idan lokacin sayarwa ya yi, sai mai motar ya tuna da duk abin da ya so a gaya masa ranar da ya saya. In an juya mata sitiyari daga wannan gefe zuwa wancan, ya faɗa. In ta taɓa yin haɗari, ya faɗa. Mayar da agogon tafiya baya kuwa, don tsohuwa ta zama kamar sabuwa, ɗan'uwan abin nan ne da Annabi ya hana, watau a ƙi tatsar akuya ko raƙuma kwana da kwanaki har hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka yi wa haka ikon mayar da dabbar. Haka nan wanda ya sayi mota ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Faɗin cewa an sayar da ita yadda take ba ya wanke mutumin da ya san aibin ya yi shiru.

Kammalawa

Abin da ake so mai ƙaura ya riƙe bai wuce huɗu ba. Ya nemi cikakkiyar siffa a rubuce kafin ya saki kuɗinsa. Ya faɗi gaskiya a takardar fito, ya kuma cika wa'adin da ya sa wa hannu. Ya san niyyarsa, ta hawa ce ko ta ciniki, ya ba zakka haƙƙinta. Ya bayyana aibi ranar sayarwa. In lissafi ya nuna masa ba zai iya shigo da motar ta hanyar gaskiya ba, to ya sayar da ita inda take, ya sayi wata inda za shi. Mota 'yan shekaru take yi ta zama kwarakwasa a bayan gareji, amma abin da aka rubuta a kan mai ita yana nan har ranar hisabi.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya azurta kowa da halal, Ya kuma tsare bayinSa daga cin amana, amin.