Idan Tankar Baƙin Mai Ta Kife Kusa da Tabki

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, a saurara. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Konni da Galmi da Madawa ta nufi Maraɗi, ba ta rabo da motocin dakon mai, balle tun da aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011. Hanyar nan kuwa ta ratsa fadamar Tarka, inda albasarmu take, kuma da damina duk abin da ya zuba a bakin kwalta korama ce za ta kai shi tabki.

Ku sani mai iri-iri ne. Fetur, rana da iska kan ɗauke yawancinsa. Baƙin mai, wanda ake ƙonawa a manyan injuna da tandun masana'antu, ba ya tashi. Kauri gare shi da danƙo, nauyinsa ya kusa na ruwa, da ya cuɗanya da laka sai ya nutse ya kwanta. Tabki kuwa ba ya gudu balle ya wanke kansa. Mutum zai ga saman ruwa ya washe ya ce an rabu da bukar, alhali tarwaɗa na can cikin lakar, shanu na tattaka ta suna sha. Rani na yi, ruwa ya ja baya, a kan wannan lakar mai lambu zai dasa irinsa.

Idan tanka ta kife, farkon abin yi shi ne a yi nesa da ita. A watan Mayu na 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru da jarka suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Daga waje ba wanda ya san abin da ke cikin tanka. A kori yara, a kashe babur da taba, a kira jandarma da 'yan kwana-kwana, a sanar da maigari.

Sannan magidanta su ɗauki shebur su tare bakin korama da ƙasa, can nesa da motar. In mai ya riga ya shiga ruwa, a watsa kara da ƙaiƙayi su tsotse shi, a kwashe a tara nesa da rijiya. Kada a zuba omo, don tarwatsa man yake yi ya shige cikin ruwa. A sauya wa dabbobi mashaya, a bar kifin tabkin, ko da mai rai ne, sai ma'aikatan muhalli sun auna ruwan.

Maigari ya sa a rubuta lambar motar da sunan kamfanin tun ba a janye ta ba, domin da su za a nemi diyya.