Yadda Turawa Suka Kafa Zungeru

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa Zungeru ta taɓa zama hedkwatar Arewa kafin Kaduna. Yaya aka yi ƙaramin gari irin wannan ya samu wannan matsayi, kuma su wa suka fara zama cikinsa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Turawa a Arewa a 1900, Lakwaja da Jebba ya fara zama, amma duk sun yi kudu da yawa ga mai hanƙoron Kano da Sakkwato. Da aka ci Kwantagora da Bida da yaƙi a 1901, hanya ta buɗe. Sai aka zaɓi wani fili a bakin kogin Kaduna, kusa da Wushishi, aka tare a 1902. Nan ne Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum.

Jiragen ruwan da ke haurowa daga kogin Kwara ba sa iya kaiwa har can, a Barijuko suke sauke kaya. Wannan ya sa aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Barijuko zuwa Zungeru, kuma shi ne dogo na farko a Arewa.

Ƙasar Gwari ce tun asali, amma mazauna sabon garin aiki ne ya tara su, ba dangantaka ba. Akwai sojoji da iyalansu a bariki, da 'yan dako, da kuku da boyi-boyi, sai fatake da mahauta da suka biyo inda albashi yake. Akawuna kuwa daga Kudu aka kawo yawancinsu, domin boko bai kafu a Arewa ba tukuna. A gidan ɗaya daga cikinsu aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, shi ya sa ya tashi da Hausa a bakinsa.

Zafi da sauro sun addabi Turawa, ga kuma layin dogon Kano ya buɗe musu wurin da ya fi sarari da iska. Zuwa 1917 gwamnati ta koma Kaduna, mutanenta suka bi ta. Har gadar ƙafa ta ƙarfe da Lugga ya kafa a 1904 sai da aka kwance, yanzu tana lambun Gamji a Kaduna. Abin yana min ciwo yadda aka bar kufan gidan gwamna ciyawa na cinye shi, alhali ya kamata 'yan makaranta su riƙa zuwa suna gani da idonsu.

Tashar jirgin ƙasa ce ta riƙe garin bayan nan, yau kuma ga madatsar ruwa mai ba da lantarki megawat 700.