Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Manyan Kamfanoni Ke Danne Kasuwa

Wani mai sauraronmu daga Indabo a ƙaramar hukumar Wudil yana tambaya: wai ta yaya babban kamfani ke hana ƙananan 'yan kasuwa sakat?

To Malam, dattawan Kano sun ga wannan a cinikin gyaɗa. A 1929 aka haɗe kamfanin Neja da wani babban abokin gogayyarsa, aka samu UAC. Daga nan masu sayen gyaɗa suka ragu, manomi ya kai buhunsa kan sikeli, dillali ya faɗi farashi, da wuya ya samu wani wurin da zai juya. Hatta Alhassan Dantata wakilin sayen gyaɗa ne na wannan kamfani.

A 1937 kuma kamfanonin Turawa suka haɗa baki kan farashin koko. Manoman ƙasar da yanzu ake kira Ghana suka ƙi sayarwa wata da watanni, har Ingila ta turo kwamitin bincike.

Yau Najeriya na da hukumar FCCPC mai hana irin wannan danniya a kasuwa, wadda a 2024 ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Amma fa, Malam, yanke tara daban, karɓo kuɗin daban.