Kiwon Kare da Kyanwa a Gida: Darasi Kan Ciwon Haukar Kare

Idan ka zagaya unguwannin Hausawa a Hasahisa, ko ƙauyukanmu na Jazira har zuwa Mai Wurno ta wajen Sinnar, za ka tarar da kyanwa ko kare a gidaje da dama. Kyanwa tana tsare buhunan dawa da gyaɗa daga ɓarnar ɓeraye, shi ya sa mai rumfa a kasuwa ba ya ƙyashin ajiye mata ɗan abinci. Kare kuwa yana gadin garke da gona, haushinsa cikin dare kan kori ɓarawo. Yara ma suna samun abokin wasa, suna kuma koyon tausayi wajen ciyar da shi. Sai dai duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana biyu: lafiyar dabbar, da lafiyar mutanen da ke cuɗanya da ita. Babbar barazana ga amanar nan ita ce ciwon haukar kare, wanda ake kira sa'ar da Larabcin Sudan.

Yadda ciwon yake

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta fashe. Daga nan sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamu su bayyana, amma tana iya fitowa cikin mako guda, ko ta kai shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi haɗari. Da zarar mutum ya fara firgita, yana tsoron ruwa, ya kasa haɗiya, to kusan babu mai tsira. Amma kafin wannan lokaci, allura tana hana cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kyanwa da jaki da saniya da raƙumi duk suna iya kamuwa.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya kuma iso Jazira a watan Disamba na shekarar, ya ƙara mana dalilin yin hattara. Iyalai da yawa sun gudu sun bar dabbobinsu, aikin rigakafi kuma ya samu tsaiko. Kare marar ubangida juji yake nufa, da mahauta, da bakin magudanan ban ruwa, wato wuraren da yaranmu ke bi kullum.

Yadda za ka gane dabbar da ta kamu

Wani karen yakan rikiɗe ya zama mafaɗaci, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya gitta, muryarsa ta sauya. Wani kuwa shiru yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ƙafafunsa su mutu. Wannan na biyu ya fi yaudara, domin mai shi yakan zaci ƙashi ne ya maƙale, ya zura hannu a bakinsa. Kada ka yi haka. Ka killace shi, ka nisantar da yara, ka kira ma'aikacin lafiyar dabbobi.

Abin yi idan an samu cizo ko yakushi

Na farko, a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana wankewa har minti 15. A duba agogo, domin lokacin ya fi yadda ake zato tsawo.

Na biyu, a shafa aidin idan akwai. Kada a sa barkono, ko toka, ko garin gahawa, ko gashin karen. Kada a ɗaure raunin tam.

Na uku, a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Ana fara allurar a ranar farko, a sake a rana ta 3 da ta 7, wani tsarin kuma yana da ƙarin guda bayan mako 2 zuwa 4. Rauni mai zurfi yana buƙatar wata allurar dabam da ake yi a kewayensa. Mai ciki da jariri duk ana yi musu. Idan cibiyar kusa ba ta da allurar, ka nemi a tura ka inda take, ko da tafiyar za ta kai ka Wad Madani. Cinikin yini guda ana mayar da shi, rai kuwa ba a mayar da shi.

Na huɗu, idan an san karen, a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa. Amma kada a jinkirta allura ana jiran a ga abin da zai same shi.

Kula da dabbarka

Ka kai kare ko kyanwarka a yi musu rigakafi tun suna wata 3, ka riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, ka adana katin. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa, don haka ka ja hankalin maƙwabtanka. Ka tanadar wa dabbarka inuwa da ruwa mai tsabta, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Ɗan'uwa mahauci, kada ka jefa wa karnuka hanta ko huhu mai ƙurajen ruwa. Da shi suke ɗaukar tsutsar da ke komawa jikin mutum ta kashinsu. A binne shi da zurfi ko a ƙone.

Ke kuma uwar gida, ki koya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, kuma su wanke hannu kafin cin abinci. A aikina na jinya, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da ya ɓoye cizo don tsoron duka. Ki gaya wa 'ya'yanki tun yau cewa duk wanda kare ya ciza ko kyanwa ta yakusa ya faɗa nan take, babu mai dukansa.

Tun shekarar 1885 Louis Pasteur ya fara ceton rai da wannan allura a Faransa, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara duniya ke tunawa da yaƙi da cutar. Ka karanta wa maƙwabcinka na rumfa wannan takarda, ka kai ta gida a karanta wa iyali. Allah Ya tsare mu da dabbobinmu, amin.