DARASI: IN BAYAN BABUR YANA LILO A KWANA, INA ZA MU DUBA?

Ƴan'uwa masu karatu, babur, wanda mu ke kira moto, ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai albasar Galmi kasuwa. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Da shi a ke doguwar tafiya, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar da ta fi kilomita 200.

Darasinmu na yau a kan wani ciwo ne na babur. Mai tuƙi ya shiga kwana, sai ya ji bayan babur yana lilo, yana kaɗawa kamar wutsiyar kifi. Wannan lilo yana kada mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara. Masu babur suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Likita ba ya ba da magani sai ya yi tambaya, ya auna. Mu ma haka za mu yi wa babur. Za mu duba abu ɗaya bayan ɗaya. Za mu fara da wanda ba ya cin kuɗi, mu ƙare da mai tsada.

RAWA IRI BIYU

A shekarar 1971 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Robin Sharp ya yi lissafin yadda babur ke rawa a kan hanya. Mu riƙe iri biyu daga cikin abin da ya bayyana. Ta farko rawar kai ce: kan babur da ƙafar gaba su ke karkarwa da sauri. Ta biyu lilon baya ne: dukan jikin babur ke kaɗawa hagu da dama, sau biyu ko uku a daƙiƙa, kuma yana ƙaruwa in gudu ya ƙaru. Maganarmu a kan ta biyu ce.

Me ya sa abin ya fi fitowa a kwana? A miƙaƙƙiyar hanya, babur yana tafiya a kan tsakiyar taya. A kwana kuwa yana kwantawa, ya hau gefen taya, nauyi kuma ya ƙara danne bayansa. Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Saboda haka ɓarnar da ta ɓuya a miƙaƙƙiyar hanya, kwana ce ke tona ta.

MU FARA DA TAMBAYA

A kwana ɗaya kawai a ke jin lilon? To, wataƙila laifin hanya ne: rairayi, ko tsakuwa, ko man da ya zube a kwalta.

Sai an ɗauki kaya ko mutum a ke jin sa? Mu dubi kaya da iskar taya.

A kwanar hagu babur ya kan kwanta da sauƙi, a ta dama ya ƙi? Mu dubi saitin ƙafar baya.

Sai kwana mai gargada? Mu dubi amortisa.

Lilon ya zo farat ɗaya cikin tafiya? Mu tsaya nan take. Sau da yawa taya ce ta sace.

NA ƊAYA: KAYA

Kowane babur yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. An rubuta ta a littafinsa. Mu ɗauki misalin Honda Gold Wing, babban babur na doguwar tafiya da aka fara sayarwa a 1975. Na yanzu ya fi kilo 350 nauyi. Duk da girmansa, abin da aka yarda ya ɗauka wajen kilo 200 ne, har da mai tuƙi. Ƙaramin babur mai lamba 125 bai kai haka ba. Buhun gero mai tiya 40 kuwa kilo 100 ne. In mun haɗa shi da mai tuƙi da wani a baya, mun wuce iyaka.

Wurin da aka ɗaura kaya ma yana da muhimmanci. Kayan da suka yi tsawo, ko suka zarce ƙafar baya, suna ɗage gaban babur. Sai ƙafar gaba ta yi sakayau, baya ya samu damar lilo. Mu sa kaya masu nauyi ƙasa, kusa da bayan mai tuƙi. Mu raba nauyi daidai hagu da dama. Mu ɗaure tamau. Jarkar da ba ta cika ba tana da hatsari, domin ruwan ciki yana kai da kawowa a kwana.

Gwaji: mu sauke kaya duka, mu bi kwanar nan sannu. In lilo ya tafi, mun gano ciwon.

NA BIYU: ISKAR TAYA

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kwana, sai baya ya riƙa zamewa. Buga taya da ƙafa ba awo ba ne. Mu je wurin mai faci mai ma'aunin iska. Ƙaramin babur ya kan so wajen bar 2 a baya, a ƙara kaɗan in da kaya. Manyan babura na doguwar tafiya su kan so wajen bar 2,5 a gaba, bar 2,9 a baya. Lambar da ke littafin babur, ko a takardar da aka manna a jikinsa, ita ce abin bi.

Mu auna da safe, taya tana da sanyi. Tafiya da zafin rana suna ƙara awon iska, kada mu rage ta a lokacin. Wasu su kan sace iska don su wuce rairayi. In an hau kwalta, sai a mayar da ita. In iska tana raguwa kowane kwana biyu, mu nemi ƙayar aduwa ko ƙusa. Mu shafa ruwan sabulu a bakin da a ke sa iska, in ya yi kumfa, yana yoyo.

NA UKU: JIKIN TAYA

Sabuwar taya bayanta a zagaye ya ke. Doguwar tafiya a kwalta tana cinye tsakiyarta, ta baje, ta bar kaifi a gefe biyu. In babur ya kwanta a kwana, sai ya hau wannan kaifi, ya riƙa tangaɗi. Mu shafa da hannu, za mu ji shi. Mu nemi tsaga, da kumburi, da wurin da zane ya shafe.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tun shekarar 2000, tayoyi da yawa suna ɗauke da lambobi huɗu a gefe, bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In mun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Mu karanta kafin mu biya. Ga amfanin karatu a kasuwa.

NA HUƊU: ƘAFAR BAYA

Mu ɗora babur a kan kututture, ƙafar baya ta bar ƙasa. Wani ya riƙe mana shi. Mu kama taya da hannu biyu, sama da ƙasa, mu girgiza ta gefe da gefe. Bai kamata ta motsa ba ko kaɗan. In ta motsa, ko notin tsakiya ya kwance, ko boris ya ci, wato rulma.

Mu juya ƙafar, mu kalle ta daga baya. In tana kai da kawowa, ta lanƙwashe. In mai wayoyi ce, mu ƙwanƙwasa kowace waya da ƙaramin ƙarfe. Mai ɗauri tana ƙara garau. Sakakkiya tana ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya.

NA BIYAR: SAITI

In an ja sarƙa, a kan matsar da ƙafar baya. Akwai zane-zanen awo a hagu da dama na ƙafar. Dole su zo daidai. In ɗaya ya wuce ɗaya, ƙafar baya tana kallon gefe. Mu gwada da igiya: mu miƙa ta daga tayar baya zuwa ta gaba, a gefe biyu, kan babur yana saiti. Tazarar igiya da tayar gaba ta zama ɗaya hagu da dama. Sarƙa kuma kada ta yi ɗauri ƙwarai. A ƙananan babura a kan bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3.

NA SHIDA: HANNUWAN ƘAFAR BAYA

Hannuwan ƙarfe biyu ke riƙe da ƙafar baya. Suna haɗe da jikin babur a bayan inji, suna hawa da sauka. Mu kama ƙarshensu, mu tura hagu da dama. In mun ji ƙas-ƙas, mahaɗin ya ci. Ɗan motsi a mahaɗi yana zama babban motsi a taya. Mu duba kuma ko ƙarfen ya tsage. Wannan gyaran makaniki ne.

NA BAKWAI: AMORTISA

Amortisa tana da abu biyu: murɗaɗɗen ƙarfe mai ɗaukar nauyi, da mai a ciki mai hana tsalle. In man ya tsiyaye, babur ya kan yi ta tsalle bayan kowane rami. A kwana, tsallen nan shi ke zama lilo. Mu danna wurin zama da ƙarfi, mu saki. Lafiyayya tana tasowa sau ɗaya ta tsaya. Matacciya tana ta sama da ƙasa. Mu nemi jiƙon mai da ƙura ta manne a jikinta. Da yawa suna da matakai biyar na ɗauri. Mu ƙara ɗauri in da kaya, kuma hagu da dama su zauna a mataki ɗaya. In za a sauya, a sauya biyun tare.

IN LILO YA KAMA MU A HANYA

Kada mu taka birki da ƙarfi. Kada mu ƙanƙame kan babur. Mu rage wuta a hankali, mu sunkuya gaba wajen tanki, har gudu ya sauka. Sa'an nan mu tsaya a gefe mu duba. Tun farko ma, a rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Hular kwano kuma ta mai tuƙi ce da wanda ya goya. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Mu gyara abu ɗaya, mu gwada sannu a hanyar da ba mutane, kafin mu taɓa na biyu. In mun sauya abu uku a rana ɗaya, ba za mu san wanne ne mai laifi ba, kuɗi kuma sun tafi. In mun bi bakwai ɗin nan lilo bai daina ba, musamman in babur ya taɓa faɗuwa, wataƙila jikinsa ya karkace. Kada a ɗauki mutum a kansa sai makaniki ya gani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin rawar kai da lilon baya?
2. Me ya sa a ke auna iskar taya da safe?
3. An rubuta 0821 a jikin taya. Yaushe aka yi ta?
4. Mu rubuta abubuwa bakwai ɗin nan a jere, mu karanta wa mai babur na gidanmu.