Yadda Ake Hana Hayaƙin Tanderun Gasa Kwal Ɓata Iska

A shekarar 1979 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat domin gina babbar masana'antar ƙarafa a Ajaokuta, bakin Kogin Kwara, cikin ƙasar da ta zama Jihar Kogi. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin ginin. An tsara masana'antar ne bisa hanyar narkar da tama a babban tanderu, hanyar da ba ta yiwuwa sai da gawayin kwal. Saboda haka cikin sassan da aka tanada har da tanderun gasa kwal. Sashen mulmula ƙarfe ya soma aiki a 1983, amma har shekarar 2024 ba a hura wa tanderun narkar da tama wuta ba, haka nan ma na gasa kwal. A 2023 an kafa Ma'aikatar Raya Ƙarafa ta Tarayya, cikin ayyukan da aka ɗora mata kuwa har da tayar da wannan masana'anta.

A duk masana'antar ƙarafa irin wannan, sashen gasa kwal yana cikin waɗanda suka fi ɓata iska. Wannan darasi zai bayyana abin da ke cikin hayaƙinsa, da inda hayaƙin yake bi ya fita, da dabarun tare shi, domin ma'aikaci da maƙwabci su san abin da ya wajaba a shirya tun kafin a kunna wuta.

1. Mene ne gawayin kwal?

Maƙeri ba ya ƙira da ɗanyen itace. Yakan nemi gawayi, watau itacen da aka toya a rufe har ruwa da hayaƙinsa suka fita, domin gawayi ya fi zafi, ba ya kuwa turnuƙe maƙera. Haka al'amarin kwal yake. Idan aka zuba ɗanyen kwal a tanderun narkar da tama sai ya yi laushi ya cure, ya toshe hanyar iska. Don haka sai an fara gasa shi a rufe, ba tare da iska ta shiga ba, har ya zama dunƙule mai tauri mai ƙananan ƙofofi. Wannan shi ne gawayin kwal, wanda ma'aikata suke kira kok. Ton 4 na kwal yakan ba da kimanin ton 3 na gawayi. Mafi yawan ragowar kuwa fita take yi a matsayin iskar gas da tururin kwalta.

Tanderun da ake gasa shi ɗaki ne dogo siriri. Faɗinsa bai cika rabin mita ba, tsayinsa mita 4 zuwa 7, tsawonsa ya wuce mita 12. Akan jera irinsa da yawa kafaɗa da kafaɗa, wuta tana ci a cikin bangon da ke tsakaninsu. Ana zuba kwal ta wasu ramuka da ke bisa rufi, a rufe, ya yi kamar awa 16 zuwa 20 cikin zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye. In ya gasu sai a buɗe ƙofofi biyu na gaba da baya, wata na'ura ta tunkuɗo shi waje yana ja wur.

Akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Tubalin da ake gina wannan tanderu ba ya jure a yi ta zafafa shi ana sanyayawa. Hura masa wuta tun farko yakan ci makonni masu yawa, in kuwa aka bari ya huce sai bango ya tsattsage. Saboda haka da zarar an kunna, aiki ke nan dare da rana, shekara ashirin ko talatin ko fiye. Ba a kashe shi don a gyara abin da aka yi sakaci da shi ran gini.

2. Abin da ke cikin hayaƙin

Hayaƙin da ke tsiyayowa daga tanderun gasa kwal yakan yi launin ɗorawa-ɗorawa ko ƙasa-ƙasa. A cikinsa akwai tururin kwalta, da wani sinadari mai saurin tashi da ake kira benzin, da amoniya mai yaji a hanci, da iskar farar wuta mai warin baragurbi, da ƙurar kwal wadda saboda ƙanƙantarta takan shige can cikin huhu.

Illarsa iri biyu ce. Ta kusa ita ce yajin ido da tari da tayar da ciwon fuka, musamman ga yara da tsofaffi. Ta nesa ita ce ciwon daji. A 1971 wani bincike da aka yi kan ma'aikatan ƙarafa a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka shekara 5 ko fiye suna aiki a bisa rufin tanderu, mutuwarsu da ciwon dajin huhu ta ninka ta sauran ma'aikatan ƙarafa kamar sau goma. Benzin kuwa an tabbatar yana jawo ciwon dajin jini. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa aikin gasa kwal a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wannan ciwo ga ɗan Adam.

3. Hanyoyi huɗu da hayaƙi ke bi, da maganin kowace

Hanya ta farko ita ce lokacin zuba kwal. Da zarar ɗanyen kwal ya taɓa bango mai zafi sai gas ya taso da ƙarfi, ramukan rufi kuwa suna buɗe. Maganinsa shi ne a riƙa zubawa rami bayan rami, ba duka a lokaci guda ba, sa'an nan a saki tururi mai ƙarfi cikin bututun da ke ɗauke gas domin ya zuƙe hayaƙin ya yi ciki da shi. Bayan an mai da murafe sai a shafe bakinsu da kwaɓaɓɓen yumɓu.

Ta biyu ita ce yoyon ƙofofi. Kowane tanderu yana da ƙofa biyu, kuma kullum sai an cire su an mayar. Kwalta takan daskare a bakin ƙofa, zafi kuma yakan lanƙwasa ƙarfenta, sai ta ƙi zama daidai. Maganin wannan ba ya wuce kankare bakin ƙofa duk sa'ad da aka buɗe, da daidaita ta, da ajiye waɗansu ƙofofi na canji. A Amurka tun 1993 doka ta sa a riƙa zagaya jerin tanderu kowace rana ana ƙidaya ƙofofi da murafe masu yoyo, an kuma ƙayyade adadin da ba za a wuce ba.

Ta uku ita ce lokacin tunkuɗo gawayi. Idan kwal ya gasu sosai, ƙura kaɗan ce take tashi. Amma idan aka yi gaggawar fito da shi, ko wani ɓangaren bango bai yi zafi daidai ba, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Maganinsa biyu ne: a bar kwal ya cika awoyinsa, kuma a sa wata rumfa mai zuƙo iska bisa wurin da gawayin ke zubowa, ta kai ƙurar cikin jakunkunan tacewa.

Ta huɗu ita ce lokacin kashe wutar gawayin. Tsohuwar hanya ita ce a kai shi ƙarƙashin hasumiya a kwarara masa ruwa, tururi ya tashi ɗauke da ƙura. Inda ake bin wannan hanya, lalle ne a jera allunan tare ƙura cikin hasumiyar, kuma kada a yi amfani da gurɓataccen ruwan da ya fito daga sashen tace gas, domin dafin da ke cikinsa zai bi tururi ya shiga gari. Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar ruwa, wadda masanan Tarayyar Sobiyat suka bunƙasa, daga baya ta yaɗu a Japan da Sin. Ana zuba gawayin cikin rufaffen ɗaki a hura masa iskar naitirojin wadda ba ta cin wuta. Zafin da iskar ta ɗauko sai a dafa ruwa da shi a sami wutar lantarki.

4. Tace iskar gas

Gas ɗin da aka kama a bututu ba sharar banza ba ne. Ana sanyaya shi a cire kwalta, a cire benzin a sayar wa masu masana'antu, a haɗa amoniya da ruwan asid a sami takin zamani. Abin da ya rage makamashi ne mai kyau, da shi ake zafafa tanderun kansa da sauran sassan masana'anta. Ashe ke nan duk hayaƙin da aka gani yana fita ta bakin ƙofa, dukiyar kamfani ce take zubewa, kuma huhun jama'a ne yake karɓarta.

Sai dai kafin a ƙona gas ɗin wajibi ne a cire farar wutar da ke cikinsa. In ba haka ba sai ta fita ta bututun hayaƙi a matsayin iska mai shaƙe ƙirji, wadda in ta gamu da raɓa ko ruwan sama takan zama asid, ta ci kwanon rufi, ta ƙona ganyen shuka. Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai. Kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya zama gawayi mai tauri. Na Obi da ke kusa da Lafiya a Jihar Nasarawa yana gasuwa, amma yana da toka da farar wuta da yawa. Duk ranar da aka gauraya shi cikin kwal ɗin da za a gasa, aikin sashen cire farar wuta zai ƙaru.

5. Abin da ya faru a Clairton

A garin Clairton, kusa da birnin Pittsburgh, akwai masana'antar gasa kwal mafi girma a Amurka. Ran 24 ga Disamba, 2018, gobara ta lalata sashenta na cire farar wuta. Da yake ba a iya kashe tanderu, sai aka ci gaba da gasa kwal ana ƙona gas ba tacewa, fiye da wata uku. Hukumar lafiya ta yankin ta gargaɗi masu ciwon fuka da tsofaffi da yara su rage fita waje, bincike kuma ya nuna masu fuka sun ƙara shan wahala a wannan lokaci. A wannan yanki dai, an rufe wata masana'antar gasa kwal mai suna Shenango a watan Janairu, 2016. Bayan rufewar, masu zuwa asibiti cikin gaggawa saboda ciwon zuciya daga unguwannin da ke kewaye suka ragu ƙwarai.

Darasin da ke nan shi ne, na'urar tace gas guda ɗaya ba ta isa ba. Sai an tanadi ta biyu wadda za ta karɓi aiki idan ta farko ta tsaya.

6. Nauyin da ke kan kowa

Nauyin hukuma shi ne kafa doka da tabbatar da ana bin ta. Bayan da aka gano sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a wannan shekara. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta a auna illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a soma shi. A 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin sa ido kan bin ƙa'idojin muhalli.

Nauyin kamfani shi ne ya kammala na'urorin tare hayaƙi ya gwada su kafin ya hura wuta, ya ware kuɗin gyara kowace shekara, ya kafa ma'aunan iska a bakin shinge da cikin gari. Wajen yanka filayen gidaje da makarantu a lura da cewa iska a Nijeriya takan kaɗo daga kudu maso yamma da damina, daga arewa maso gabas da hunturu. A bakin kogi kuwa, da sanyin asuba hayaƙi yakan kwanta ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi.

Nauyin ma'aikaci shi ne ya sa takunkumin numfashi da aka ba shi, kada ya ci abinci ko goro ko ya sha taba a bakin tanderu, ya yi wanka kafin ya tashi daga aiki. Kada ya kai kayan aikinsa gida a wanke, domin kwaltar da ke jikinsu za ta taɓa iyalinsa. Ya riƙa zuwa awon lafiya ko da ba ya jin ciwo. In ya ga ƙofa tana yoyo ya faɗa wa shugabansa nan take.

Nauyin jama'a shi ne su halarci taron jin ra'ayi idan an kira, su tambayi irin tanadin da aka yi. In aiki ya soma, farin tururin da ke tashi daga hasumiya ya watse nan da nan ba abin tsoro ba ne ƙwarai. Amma hayaƙi mai launin ɗorawa ko baƙi, ko warin baragurbi da dare, ko baƙar ƙura bisa shanya, alamu ne na cewa wani abu ya lalace. Sai a rubuta rana da lokaci, a kai wa mai unguwa da ofishin muhalli mafi kusa.

Ƙasa tana bukatar ƙarfe domin gadoji da layin dogo da gine-gine, tana kuma bukatar lafiyar waɗanda za su ƙera shi. Ƙasashen da suka riga Nijeriya sun koyi wannan darasi ne bayan ma'aikata da yawa sun rasa rayukansu. A nan kuwa ana da damar shiryawa tun wuta ba ta kama ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Tambayoyi

1. Don me ba a zuba ɗanyen kwal a tanderun narkar da tama?
2. Me ya sa ba a kashe tanderun gasa kwal bayan an hura masa wuta?
3. Kawo hanyoyi huɗu da hayaƙi ke bi ya fita, da maganin kowace.
4. Don me aka hana ma'aikaci kai kayan aikinsa gida?